Yadda ake wanke jijiyar haƙori idan ta ruɓe

Haƙori ba dunƙulallen ƙashi ba ne. A tsakiyarsa akwai wani ɗan gurbi mai laushi inda jijiya da hanyoyin jini suke, daga nan su bi siraran hanyoyi su gangara cikin saiwa. Idan kogo ya yi zurfi ko haƙorin ya tsage, ƙwayoyin cuta sukan kutsa ciki. Sai zugi ya hana ka barci, ruwan sanyi ko abu mai zafi ya zame maka abin tsoro, dasashi ya kumbura, wani lokaci har da mugunya.

Abin da ke yaudarar mutane da yawa shi ne ranar da zugin ya ɗauke da kansa. Ba warkewa ba ce, jijiyar ce ta mutu, ciwon kuma yana nan yana cin ƙashin da ke ƙarƙashin saiwa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta shi kaɗai ba ya raba ka da shi, domin jini ba ya kai maganin cikin mataccen haƙori. Zaɓi biyu ne: a cire, ko a wanke jijiyar, aikin da likitoci ke kira rut kanal. A ganina, duk haƙorin da za a iya ceto, a cece shi.

Da farko likita zai ɗauki hoton haƙorin don ya ga siffar saiwoyin da inda ciwon ya kai. Sai ya yi allurar kashe zafi a dasashi. Idan har kana jin zafi bayan allurar, ka faɗa masa, kada ka daure. Zai kewaye haƙorin da wata siririyar roba don kada miyau ya shiga, sannan ya huda samansa.

Nan ne aikin yake. Da wasu siraran ƙarafa masu kama da allura zai kwashe ruɓaɓɓiyar jijiyar, ya kankare kowace hanya har ƙarshen saiwa, yana yi yana ɗauraye wurin da ruwan magani. Haƙorin gaba yawanci hanya ɗaya gare shi, na tauna kuwa yakan kai 3 ko 4, wasu a lanƙwashe, shi ya sa nasa ya fi cin lokaci. Idan mugunya ta yi yawa, yakan zuba magani ya toshe na wucin gadi, ka dawo wata rana. Bayan hanyoyin sun bushe tsaf, zai cike su da wata roba da ake kira guta-faca, ya rufe ramin.

Kada ka tauna komai sai allurar ta sake ka, don kada ka ciji harshe ko kumatu. Za ka ji tsami na 'yan kwanaki, farasitamol ko ibufurofen kan isa. Ka koma a sa wa haƙorin hula, wato murfi mai ƙarfi da ke rufe shi, musamman na tauna, domin wanda aka raraka cikinsa yana saurin tsagewa. Idan kuwa kumburi ya haura fuska, zazzaɓi ya rufe ka, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, ka tafi asibiti a take, ko da tsakar dare ne.