Auna yawan ilaktiron a ayonosfiya ta hanyar husufin rediyo

Yadda rana ke faɗuwa bayan dutsen Kufena, haka tauraron GPS, daga nisan kilomita 20,200, yake faɗuwa a idon ƙaramin tauraron ɗan'adam mai kewayawa kusa da ƙasa. Yana cikin faɗuwar, siginarsa na ratsa ayonosfiya, wato sashen sararin sama mai cike da ilaktiron, hawa-hawa, daga sama har ƙasa. Shi ake kira husufin rediyo.

Ga mai bincike a Samaru ta Zariya, taurari shida na COSMIC-2 sun fi dacewa. An harba su a 2019, karkatar falakinsu digiri 24 ce, don haka suna yawan bi ta kanmu. Sauke bayanansu daga rumbun CDAAC na UCAR da ke Amurka, ka tace waɗanda suka faɗo kusa da digiri 11 arewa, inda Zariya take. Agogonsu na UT ne, wato lokacin duniya na Greenwich, sai ka ƙara awa ɗaya.

Ana amfani da siginar GPS biyu, L1 a megahaz 1575.42 da L2 a 1227.60. Ilaktiron ya fi taɓa L2. Ɗauki bambancin tsawon hanyarsu: kowace mita ɗaya kusan TECU 9.5 ce (TECU ma'aunin jimillar ilaktiron ne a kan hanyar sigina). Ka cire ilaktiron na saman falakin tauraron COSMIC-2, ka bi da lissafin Abel, mai ɓare hawa ɗaya bayan ɗaya daga sama, kamar ɓawon albasa. Fayil ɗin ionPrf na CDAAC an riga an yi masa wannan aikin, amma a kan santimita kubik yake ƙirga. Ninka da miliyan ɗaya ka samu na mita.

A nan ne wuyar take, kuma a kanmu ta fi faɗawa. Lissafin Abel na ɗauka cewa yawan ilaktiron iri ɗaya ne ko'ina a tsayi guda. Zariya kuwa tana dab da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, inda ilaktiron ke raguwa da rana, ya taru kusan digiri 15 arewa da kudu da layin. Siginar da ta ratso waɗannan tudun biyu takan gurɓata ƙasan zanen yawan ilaktiron bisa tsayi, har a ga adadi ƙasa da sifili. Ƙololuwar F2, wato hawan da ilaktiron ya fi yawa, ta fi aminci. Abin da ke ƙasa da kilomita 200 kuwa, kada ka gina hujja a kansa shi kaɗai.

Bayan magariba kumfar filasma, wato guraben da ilaktiron ya ragu a ayonosfiya, na yayyaga sigina, risiba ta ɓata ƙirga. In ka ga zane ya yi tsalle kwatsam, jefar da shi. Sauran ka gwada da ayonosonde, na'urar da ke auna ayonosfiya daga ƙasa da rediyo: yawan ilaktiron na ƙololuwa a mita kubik shi ne 1.24×10¹⁰ sau foF2 sau foF2, a megahaz; foF2 shi ne megahaz mafi girma da hawan F2 ke iya dawo wa na'urar.