Yadda Sabon Shiga Zai Farfaɗo da Lambun Haya da Ciyawa Ta Cinye

A Birtaniya ƙananan hukumomi da wasu ƙungiyoyi suna bayar da hayar filayen lambu ga mazauna gari, kuma a Ingila da Wales dokar 1908 ta ɗora wa hukumomin nauyin samar da irin waɗannan filaye inda ake da buƙata. Cikakken fili yakan kai kimanin murabba'in mita 250, ko da yake yanzu an fi raba shi gida biyu. Sau da yawa wanda layi ya zo kansa bayan dogon jira ba ya tarar da lambu sai daji, domin mai filin na baya yakan daɗe da yin watsi da shi kafin a karɓe. Idan hakan ta faru tsakanin Maris da Mayu, lokacin da sanyi ke ja baya ciyawa kuma ke toho da ƙarfinta, babban abin da ya kamata sabon shiga ya riƙe shi ne kada ya ce zai gyara filin gaba ɗaya a shekarar farko.

Kafin a taɓa komai, a karanta takardar yarjejeniyar haya da kyau, saboda a ciki ne ake faɗin kason filin da dole a noma da wa'adin da aka bayar, da kuma hukuncin ƙona shara da kafa rumfa. Daga nan a zagaya filin a hankali ana duba abin da ke ƙarƙashin ciyawar. Ba abin mamaki ba ne a tarar da itacen tuffa ko rasberi da suka tsira, waɗanda aski kawai suke buƙata. Haka nan za a iya cin karo da fasassun gilasai da ruɓaɓɓen kafet, wani lokaci har da tsohon rufin asbesto, wanda aka haramta a ƙasar a 1999. Wannan rufin kam, da yake ƙurarsa na da haɗari ga lafiya, kada a fasa shi ko a ja shi, sai dai a sanar da masu kula da wurin. A kuma lura da sheƙar tsuntsaye a cikin ƙaya, domin dokar 1981 ta hana lalata sheƙar da tsuntsu ke amfani da ita, bushiya ma takan ɓuya a cikin tarin ganye.

Bayan haka sai sassabe. A sa safar hannu mai kauri, a datse komai ƙasa-ƙasa, a kwashe tarkace. Ana gamawa sai a raba filin a zuci: kashi ɗaya cikin uku ko ma cikin huɗu shi za a noma bana, sauran kuwa a rufe shi ruf da kwali mai kauri ko baƙar leda, a danne da bulo ko katako don kada iska ta yaye. Idan kwali ne, a cire salatif da ƙusoshin da ke jikinsa, a kuma ɗora bakin wani a kan wani da kamar faɗin tafin hannu biyu, tun da ciyawa na neman ko da 'yar ƙaramar kafa ce ta haske. Ciyawar da iri kawai take yaɗawa takan mutu cikin 'yan watanni, amma mai saiwa a ƙasa tana iya ɗaukar shekara guda ko fiye, saboda haka kada a yi gaggawar buɗewa.

A ɓangaren da za a noma ne ainihin aikin yake, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren da ke bin su shekaru. Injin kaftu yana da ban sha'awa, domin cikin awa guda zai mai da daji ƙasa mai laushi, sai dai a filin da ciyawa mai jijiya ta kama, illarsa ta fi amfaninsa. Akwai wata ciyawa mai kama da kirikiri wadda fararen jijiyoyinta ke ratsa ƙasa ta ko'ina, akwai kuma wata mai yaɗo da farin fure wadda ke naɗe duk shukar da ta samu. Kowane guntun jijiyarsu, ko da bai wuce tsawon yatsa ba, zai iya zama sabuwar ciyawa, injin kuwa daddatsa su yake yi ya watsa su ko'ina. Abin da ya fi shi ne a yi amfani da babban cokali mai yatsu na tonon ƙasa, a ɗago hoge a girgiza shi, a bi jijiyar da hannu a zaro ta har ƙarshenta. Aikin yana da cin lokaci, kuma baya zai yi tsami, don haka murabba'in mita biyu ko uku a yini sun isa. Waɗannan jijiyoyi kada a zuba su a tarin taki. A shanya su su bushe ƙarau, ko a nutsar da su cikin ruwa har su ruɓe.

Ba kowace rana ce ta tono ba. A ɗebi ƙasa a dunƙula a hannu: idan ta manne ta yi santsi tana bin takalmi, to ta yi laima da yawa, kuma taka ta zai sa ta daskare ta yi tauri. Wanda ba ya son tono sam yana da wata hanya, wato ya shimfiɗa kwali, ya jiƙa shi, ya zuba ruɓaɓɓen taki mai kaurin santimita 10 zuwa 15 a kai, ya yi shuka kai tsaye a ciki. A ganina wannan ta fi dacewa da mai ƙarancin lokaci, matuƙar zai samu taki mai yawa. A dai tambayi asalin takin dabbobi, domin wani yakan zo da ragowar maganin ciyawa da ke nannaɗe ganyen wake da tumatir. Kowane fangali kada faɗinsa ya wuce mita ɗaya da 'yan kai, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ba.

Game da abin shukawa, dankalin Turawa ya fi komai dacewa da sabuwar ƙasa, saboda ganyensa na yi wa ciyawa inuwa, turbuɗe gindinsa kuma shi kansa noma ne. Mai saurin nuna ana binne shi daga ƙarshen Maris, da tazarar santimita 30, a haƙe shi bayan mako 10 zuwa 12. Ƙananan kawunan albasa da latas su ma ba su da wahala. Tumatir da kabewa kuwa sai a jira ƙarshen Mayu, domin dare ɗaya na raɓa mai daskarewa ya isa ya kashe su. Dashe ya fi jure wa dodon koɗi a kan ɗanyen tsiro, kuma tun da an motsa ƙasa sabuwar ciyawa za ta fito, sai a riƙa bin ta da fartanya kowane mako a ranar da babu ruwa, tun tana ƙarama, a bar ta a sama rana ta busar da ita.