Shawara kan yashe magudanun ruwa na gonaki

Assalamu alaikum, 'yan'uwa manoma na Mai Wurno da ƙauyukan Jazira a ƙasar Sudan. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925, magudanun da ke ratsa gonakin wannan yanki suka zama mazaunin kwaɗi, tarwaɗa, balbela da shamuwa, har da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin hunturu.

Shawarata ita ce, idan za ku yashe magudana, kada ku share gefe biyu a shekara guda. Ku cire laka da ciyawar gefe ɗaya, ku bar ɗayan sai baɗi, domin tsuntsaye su sami wurin sheƙa, kuma saiwar ciyawar ta riƙe gaɓa kada ta zaizaye. Lakar da kuka fitar ku bar ta a bakin ruwa kwana ɗaya ko biyu kafin ku kwashe, saboda ƙananan halittun da ke cikinta su koma ruwa. Aikin ya fi dacewa bayan girbi, ba tsakiyar damina ba, domin da damina ne yawancin halittun nan ke hayayyafa.

Sai dai a bar tsakiyar magudanar a buɗe, ruwa yana gudana, domin ruwan da ya kwanta shi ke tara sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya, kuma yaranmu ne ke fara kamuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanke tankin feshi a cikin magudana, alhali maganin ƙwari yana kashe kifi da kwaɗi. Don Allah a wanke shi a busasshen wuri, nesa da ruwa.