Kurakuran da Muke Yi Wajen Haɗa Taki a Sinnar da Jazira

Duk wanda ya taɓa noma a Jazira ko a gaɓar kogi wajen Maiwurno, a ƙasar Sudan, ya san baƙar lakar nan: da rani ta tsattsage har hannu ya shige, da damina ta liƙe wa fartanya. Tun 1925 da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar ake kwasar amfani a kanta, abin da ake mayar mata kuwa bai taka kara ya karya ba. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya sa buhun yuriya ya gagari talaka, jama'a suka waiwayi takin gargajiya. Sun kyauta, amma da yawanmu wahalar banza muke sha.

Kuskuren da na fi gani shi ne a tara juji a fili a bar wa rana. A bazara zafi yakan haura digiri 40, kuma abin da ba laima a jikinsa ba ya ruɓewa, bushewa kawai yake yi. Bayan wata shida ka tona ka iske kara kamar jiya aka zuba shi, gara ta ci rabi, guguwar habub ta watsar da saura. A haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a inuwar darbejiya, a sassare karan dawa gajere-gajere, a riƙa shimfiɗa kashi uku na busasshen abu da kashi ɗaya na kashin dabbobi, ana yayyafa ruwa. Ka damƙi ɗan kaɗan ka matse: in ya dunƙule, tafin hannu ya jiƙe ba tare da ruwa ya tsiyaya ba, ya yi. A rufe da tsohuwar tabarma, a juya duk mako biyu, cikin wata uku zai yi baƙi yana ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya daka. Da damina kuwa a sama ake tarawa, don laka ba ta shanye ruwa, ramin sai ya koma kududdufi mai wari.

Na biyu ni kaina ya taɓa cina. Na sayi kashin awaki cike da karo, wato amalanke, guda biyu, na watsa ɗanye a gonar albasa. Bayan ban ruwa biyu sai ga ƙananan tsiro masu ƙaya ko'ina. Wani dattijo maƙwabcina ya tsuguna ya tuge ɗaya, ya ce, "Ɗana, miskit ka shuka da kuɗinka." Na ce, "Baba, ta ina?" Ya ce, "Ta cikin akuya." Gaskiyarsa. An shigo da wannan itace Sudan a 1917, kuma irinsa ya fi saurin tsirowa in ya bi ta cikin dabba. A tambayi manoman Sabuwar Halfa da na Gash abin da ya yi wa gonakinsu. Dole taki ya ɗau zafi, aƙalla digiri 55 na kwanaki, kafin irin ciyawa ya mutu. Soka rodi a tsakiya, in ka zare shi da zafin da hannu ba zai daɗe a kai ba, aiki na tafiya. Irin miskit yana da tauri, saboda haka ko takin ya nuna, a ɗebi kwano ɗaya a ba shi ruwa mako biyu a ga abin da zai fito.

Toka ma a rage. Ƙasarmu dama kanwa-kanwa gare ta, toka tana ƙara mata, sannan in ta haɗu da kashi sai sinadarin naitirojin da shuka ke nema ya tashi a iska. Haka ruwan rijiyar da ke da gishiri, kada a jiƙa taki da shi.

Ƙona kara asara ce, ban da karan auduga, wanda tun da can ake tugewa a ƙone don kashe tsutsa da cutar ganye. Harawar gyada kuwa kada a jefa ta rami. A ba dabba, a kwashi kashinta a turke.

Babban kuskuren dai shi ne kowa tasa ta fisshe shi. Mai kara ba shi da kashi, mai garke ba shi da kara. A manyan gonakin Gadarif kara ya fi ƙarfin masu shi, alhali a kasuwannin dabbobi kashi na jibge yana tara ƙuda, kuɗin mota ne kawai ya raba su, kuma mutum ɗaya ba zai iya biya ba. Wannan aikin gari ne. Mai unguwa da kwamitin manoma su ware fili guda, nesa da magudanar da mutanen kambo, wato matsugunan leburorin gona, ke ɗibar ruwan sha, inda karo zai iya shiga. A tsince leda da batir tun daga gida. A zauna da makiyaya kafin kaka a yanke ranar da shanu za su shiga gona su kwana, su ci kara su bar kashi, kamar yadda iyayenmu suka saba, maimakon a jira sai an yi ɓarna a tafi gaban hukuma. Dawa na shiga gida a Nuwamba da Disamba, don haka a cika ramuka kafin ƙarshen Janairu, takin ya nuna a kai gona kafin ruwan Yuni da Yuli.