Babi na Bakwai: Kare 'Ya'yanmu Ɗalibai Daga Shaye-shaye

Darasi na 1: Abin da ake sha

Wannan babi na iyayen da ke da ɗa ko 'ya a jami'a ko kwaleji ne. Ku karanta a hankali, idan kuma wata kalma ta ba ku wuya ku koma farkon layin, domin babu abin kunya a cikin maimaitawa.

Shaye-shaye shi ne shan abin da ke gusar da hankali, ko shan magani ba tare da umarnin likita ba. Kowa ya san giya da tabar wiwi, amma abin da ya fi shige wa iyaye duhu shi ne maganin asibiti, wato tiramadol, da maganin tari mai kodin, da ƙwayoyin barci. Tiramadol maganin ciwo ne, amma idan ya yi yawa a jiki yakan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Kodin kuwa yana rage numfashi, kuma haɗa shi da giya ko ƙwayar barci kan iya tsayar da numfashin ɗungurungum. Ku sani kuma ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, saboda haka ɗalibi mai shekara 19, ko da ya fi ubansa tsawo, har yanzu yana da sauƙin ja.

Darasi na 2: Ku yi tambaya, sannan ku yi shiru

A nan ne kowane aji da na koyar yake tuntuɓe, don haka za mu daɗe a kansa.

Da farko ku zaɓi lokacin da ku biyu ne kaɗai, babu ƙannensa, babu baƙo, kuma ranku ba a ɓace yake ba. Sai ku yi tambaya guda ɗaya mai sauƙi, kamar haka: "Ɗana, yaya zaman makaranta? Su wa kuke kwana ɗaki ɗaya?" Daga nan sai ku rufe baki, ku ƙirga daga ɗaya zuwa goma a zuci kafin ku sake cewa uffan.

Mu sake: tambaya ɗaya, sai shiru, sai ƙirga goma.

Idan ya ce "Lafiya lau, Baba," ya sunkuyar da kai, kada ku cike wurin da nasiha. Ku ƙara tambaya ɗaya, misali: "A cikin abokanka akwai masu shan wani abu lokacin jarrabawa don kada barci ya ɗauke su?" Tambaya a kan abokai ta fi sauƙin amsawa, domin yaro yakan faɗi nasa halin da sunan wani. Bayan kun yi ta, me ya rage? Shiru, da ƙirga goma. Za ku iya, sannu a hankali hannu ke sabawa.

Na taɓa sa wani dattijo ya gwada wannan a aji, wani ya zauna a matsayin ɗansa. Ya yi tambayar da kyau, amma kafin a kai uku a ƙirga ya nuna shi da yatsa ya ce, "Na san ƙarya za ka yi mini!" Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa ban yi ba, domin haka yawancinku kuke yi a gida. Sau nawa zan faɗa? Wanda aka yi wa tsawa ba ya daina sha, ɓoyewa yake ƙara koya. Kun biya kuɗin makaranta shekara da shekaru, amma haƙurin ƙirga goma ya gagare ku? Idan kun ji abin da ya sosa muku rai, ku ce, "Na ji, 'yata, na gode da kika gaya mini," ku sake yin shiru. Faɗa da hukunci su jira wata rana.

Darasi na 3: Alamu

Ku lura da yawan neman kuɗi ba tare da bayani ba, da barcin rana mai nauyi ko rashin barci, da jan ido, da maganar da ke fita a jaye, da faɗuwar sakamakon jarrabawa. Alama ɗaya ba hujja ba ce, domin gajiya da damuwa ma suna kawo irinta. Idan sun taru, ku koma Darasi na 2.

Darasi na 4: Neman taimako

Wanda ya daɗe yana sha kada a tilasta masa dainawa dare ɗaya a gida, musamman giya da ƙwayoyin barci, a kai shi wurin likita. Idan kun same shi a sume yana numfashi da ƙyar, ku kwantar da shi a kan gefensa, kada ku ɗura masa komai, ku nemi asibiti nan take.

Darasi na 5: Aikin gida

Ku rubuta tambayoyi biyu da za ku yi wa ɗanku a wannan mako, ku kawo su aji.