Kurakuran da ke kashe furen okid a lambunan Jos

Jos na cikin garuruwan ƙasar nan da furen okid, wata shukar ado da ake kira orchid da Turanci, zai zauna a waje, a ƙarƙashin bishiya, ya yi shekaru yana fure ba tare da an gina masa ɗaki na musamman ba. Garin na kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ranarsa ba ta kai ta Abuja zafi ba, darensa kuma da sanyi. Duk da haka, da yawa daga waɗanda ake saya wurin masu sayar da furanni na bakin titi ba sa ganin damina ta biyu. Laifin ba na yanayi ba ne. Kusan kullum daga saiwa ɓarnar take farawa.

Mutum zai kawo shukar gida, ya cika tukunya da jar ƙasa, ya danna ta sosai kamar mai dasa tumatir. Saiwar okid kuwa kauri gare ta, tana da farin rufi mai laushi wanda ke zuƙar ruwa da sauri, sannan ya nemi iska ya bushe. Idan ƙasa ta shaƙe ta, sai ta yi baƙi ta ruɓe. Ganye ya fara yaushi, mai shi ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta.

Kafin komai, a san irin da aka saya. Phalaenopsis da Ansellia africana, mai fure rawaya da ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa, a jikin bishiya suke rayuwa, ba ruwansu da ƙasa ko kaɗan. A sa su cikin gutsattsarin gawayi da fasasshen jan bulo da ɓawon kwakwa, ko a ɗaure su a reshe. Spathoglottis da Phaius da Eulophia su ne na ƙasa, amma su ma sakakkiyar ƙasa suke so: ruɓaɓɓen ganye, yashi mai tsakuwa-tsakuwa, gawayi, da ɓuntun shinkafa da ya daɗe. Ɓawon kwakwa a jiƙa shi kwanaki ana sauya ruwan, don gishirin ciki ya fita. Ƙullutun da ke gindin ganyen wasu nau'o'in, wanda shukar ke ajiye ruwa da abinci a ciki, a bar rabinsa a sarari, kada a binne shi.

Sai batun ban ruwa, inda mutane suka fi son a ba su ƙa'ida ɗaya ta duk shekara. Babu ita. A Yuli da Agusta sama ta isa, aikin mai lambu shi ne ya ga ruwa na wucewa. A ɗora tukunya a kan duwatsu, a cire farantin da ke ƙarƙashinta, a ƙara huda gindinta. Wanda zai dasa a ƙasa ya yi kunya mai tudu. Da hunturu ya shigo, girma na raguwa, sai a rage ruwa. Amma iskar Disamba da Janairu na busar da ganye, don haka a kāre su daga ɓangaren da take kaɗowa, a riƙa jiƙa ƙasar da ke kewaye. Da safe ake ba su ruwa. Ruwan da ya kwana a tsakiyar ganyen Phalaenopsis cikin sanyi, ruɓewa yake jawowa. A wannan lokacin ne kuma wasu nau'o'in Eulophia ke zubar da ganye gaba ɗaya, a zaci sun mutu a juye tukunyar a bola. A taɓa ƙullutun tukuna. In da tauri, hutawa yake, zai tsiro da ruwan farko.

An ce suna son inuwa, sai a kai su gindin mangwaro inda ko ciyawa ba ta fitowa. A can za su yi ganye kore shar har ya yi duhu, fure kuwa babu. Abin da suke so shi ne ranar safe da inuwa mai ratsin haske da tsakar rana. Ganye mai ɗan haske alama ce mai kyau, tabon ƙuna kuma na nuna rana ta yi yawa. Gindin bishiyar turare, wadda ta cika Jos, shi ma ba wuri ba ne ga na ƙasa, don saiwarta na shanye damshin.

Ɗanyen kashin kaji na ƙone saiwa, haka ma NPK da aka barbaɗa a gindi. A narkar da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwalin taki, a ba su lokacin da sabon toho ke fitowa kawai.

Akwai kuma masu kashe kuɗi su sa a kawo musu irin da aka tallata a intanet cewa yana jure sanyi. Cypripedium, alal misali, sai ya yi watanni cikin sanyin da ya kusa daskarar da ruwa kafin ya farfaɗo, kuma hunturun Jos bai kai nan ba. Gara Cymbidium, wanda saukar sanyin dare ke taimaka masa ya fid da fure.

Abin da ya fi damuna shi ne tono na daji. A farkon damina ana ganin okid na ƙasa suna fure a tsaunukan Filato, sai a haƙo su a kawo gida. Irin waɗannan na dogara da wasu ƙananan halittu dangin naman kaza da ke cikin ƙasar wurin, har ƙwayar irinsu, wadda take kamar ƙura, ba ta tsira sai da su. An raba tsauni da furensa, a tukunya kuma sau da yawa ba ya daɗewa. A nemi rabo wurin wanda nasa ya yaɗu a lambu.

Shi ma rabon da ƙa'ida. Kowane kashi ya tafi da ƙullutu uku ko fiye, a ƙona wuƙar a wuta kafin a yanka, a kuma yi shi bayan fure ya kaɗe, sabon toho ya fara leƙowa. A makonnin da ke biye a riƙa dubawa da tocila da dare saboda dodon koɗi, wanda ke cinye toho cikin dare ɗaya. Tukunyar da ke da ɓawon itace ko na kwakwa kuma kada ta taɓa ƙasa, saboda gara.