Yadda za ka karanta tarihin manyan mutane a matsayinka na Kirista

Abin da ke ba ni mamaki da mu Kiristoci shi ne in ana hirar magabata sai mu kasa su gida biyu, ko dai mutum tsarkakakke ne kamar mala'ika, ko kuwa mugu ne a jefar da shi da duk abin da ya yi. Alhali Littafi Mai Tsarkin da ke hannunmu bai ba da labarin kowa haka ba. To ga yadda ni nake bi da su, ko zai yi maka amfani.

Ka fara koyon salon daga Littafin kansa. Buɗe 2 Sama'ila sura 11 da 12 ka karanta a nitse. Dauda dai da muke rera Zaburarsa, shi ne ya ɗauke matar Uriya, sannan ya rubuta wa Yowab, shugaban sojojinsa, wasiƙa cewa a tura Uriya inda yaƙi ya fi zafi a janye a bar shi, kuma abin da ya fi ci mini rai, Uriyan ne da hannunsa ya kai wasiƙar, bawan Allah bai san hukuncin kisansa yake ɗauke da shi ba. Marubucin bai rufa wa sarki asiri ba, bai kuma goge sunansa ba. Da wannan idon za ka kalli kowa.

Sai ka samu biro da takarda ka jera shekarun rayuwar mutumin, wannan kam kar ka yi ƙiwarsa, don a nan ne labarin da aka gyara yake tonuwa. Ɗauki John Newton na Ingila. Yadda aka saba faɗa a wa'azi shi ne mai cinikin bayi ne, guguwa ta kusa kifar da jirginsu, ya kira sunan Allah, ya tuba, shi ke nan. Amma jera shekarun ka gani: guguwar a 1748 ce, ya zama kyaftin na jirgin bayi bayan nan, bai bar harkar ba sai 1754, kuma ma rashin lafiya ce ta sauke shi daga jirgin ba wai lamiri ne ya dame shi ba. Wato shekara shida yana addu'a yana karanta Littafi a saman jirgi, mutane kuwa suna ɗaure da sarƙa a ƙarƙashin ƙafarsa. An naɗa shi limamin coci a 1764, sai a 1788 ya fito fili ya rubuta ya la'anci cinikin ya kuma amsa nasa laifin. Shi ne kuma ya ƙarfafa William Wilberforce, ɗan majalisar Birtaniya da ya yi gwagwarmayar hana cinikin bayi, ya ci gaba da zama a majalisa, har aka haramta cinikin bayi a daular Birtaniya a 1807, shekarar da Newton ɗin ya rasu. Ka ga wannan ya fi wancan gajeren labarin nauyi, don ya nuna maka tuba na iya ɗaukar shekaru kafin ta kai ga aljihun mutum.

Na gaba, ka nemi abin da mutumin ya rubuta da kansa, ba 'yar jimlar da ake yaɗawa a Facebook da hotonsa ba. Martin Luther da ya tayar da ƙurar neman gyaran coci a garin Wittenberg na Jamus a 1517, ya kuma juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci don talaka ya karanta, shi ɗin ne dai a 1543 ya yi mummunan rubutu a kan Yahudawa har yana cewa a ƙona majami'unsu. Kar ka ce ai zamaninsu ne ka wuce, zamani yana bayyana dalili amma ba ya wanke laifi. Haka Sarki Kustantin na daular Roma, ya ba Kiristoci 'yancin sujada a 313, ya tara bishop-bishop a Nikiya a 325, shekara ɗaya bayan nan ya sa aka kashe ɗansa.

Wani wuri da nake yawan ja wa mutane kunne, kar ka yi saurin cewa ka san abin da Allah yake nufi da kowace nasara ko masifa. Gaskiya ne Allah yana aiki a tarihi, har Sarki Sairus na Farisa wanda bai san Allah ba, Allah ya kira shi shafaffensa a Ishaya 45, amma fa annabi ne ya faɗa, kai da ni ba a ba mu wannan wahayin ba. Da aka zo wa Yesu da irin wannan lissafin a Luka 13, sai ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo musu, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba.

In a rukunin nazari kuke, ku ɗauki mutum ɗaya a wata, kar ku cika buri. Ɗaya ya kawo alherin da ya yi, wani ya kawo ɓarnarsa, na uku ya riƙe takardar shekaru. A bar minti goma na ƙarshe kowa ya rubuta abu ɗaya da yake yi yau hankali kwance wanda jikokinsa za su iya riƙe baki a kai, ba sai an karanta a fili ba.